Katin Yaro Mai Hannun Hagu

A wannan wata mun ajiye maganar ƙarancin kujeru a azuzuwa da ta iyayen da ba sa zuwa taro, waɗanda muka saba damunku da su, za mu ɗan taɓa wata magana da wasu za su ce ba ta kai a ɓata mata takarda ba. Dalili kuwa shi ne, kwanan baya wani abokin aikinmu ya tarar da mu a ofishin malamai bayan an tashi, mun baje waɗansu 'yan katuna a kan tebur muna dubawa da tabarau. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi gaba da baya, sa'an nan ya ce, "Malam, da furfurarka kake tara hotunan 'ya'yan Amurka? Ko jarrabawa za ka yi musu?" Muka yi dariya tare da shi, amma tambayar ta bi mu har gida.

Katunan nan na 'yan wasan besbol ne, watau wasan nan na Amurka da wasu ke kira ƙwallon gora, inda mutum ɗaya ke jefo ƙwallo, wani kuma ya tsaya da gora yana neman ya make ta. Ba mu taɓa taka ƙasar Amurka ba, kuma sai da muka girma sosai muka fara ganin wasan yana motsi a allo. Duk da haka, yau shekara talatin da 'yan kai ke nan muna bin ƙungiya ɗaya, watau Yankees ta birnin New York, kuma abin da ya fi ɗauke mana hankali a cikinta shi ne yaran da ta ɗauka sababbi, waɗanda ba su riga sun yi komai ba tukuna.

Kawunmu ne ya jawo mana. Ya bar Kumasi a 1989, ya sauka a unguwar Bronx inda 'yan Gana suke da yawa, har da mutanenmu na zango, ya kama tuƙin tasi. Filin wasan Yankees kuwa a cikin Bronx ɗin yake, saboda haka ran da ake wasa ya san zai sami fasinja, da haka da haka har wasan ya shiga ransa. A 1992, muna da shekara 12, wani alhaji da ya zo ganin gida ya kawo mana saƙo daga wurinsa: agogon roba, da biro guda uku, da wani ƙunshi na katuna da aka ɗaure da roba. Kati ɗaya ne kawai aka naɗe shi dabam cikin leda, tare da 'yar wasiƙa da ajami. Innarmu ta sa aka karanta mata. Kawu ya ce sauran katunan a bar wa yara su yi wasa, amma wannan a adana shi, gama yaron da ke jikinsa shi ne zai zama gwanin gwanaye, kuma wata rana katin zai yi kuɗin da zai biya mana makaranta.

Inna ba ta yi wasa da maganar ƙanenta ba. Ta buɗe gwangwanin da take ajiye takardar fili da rasiɗin keken ɗinkinta, ta sa katin a ƙarƙashi, ta mayar ƙarƙashin gado. Sunan yaron Brien Taylor.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda ake ɗaukar yaran nan, domin ya bambanta da abin da muka sani a ƙwallon ƙafa, inda mai kuɗi ke sayen wanda ya ga dama. A besbol na Amurka, tun daga 1965, ƙungiyoyi kan zauna kowace shekara su zaɓi yara bi da bi, daga cikin waɗanda suka gama sakandare da waɗanda ke jami'a a Amurka da Kanada da Puerto Rico. Ƙungiyar da ta fi shan kashi a bara ita ke fara zaɓe, wadda ta ci kofi kuwa sai ta jira kusan ƙarshe, don kada mai ƙarfi ya yi ta ƙara ƙarfi. Daga 2023 aka shigo da ƙuri'a wajen raba gurabe shida na farko. Ƙungiyoyin 30 ne. Har zuwa 2019 zagaye 40 ake yi, a 2020 annobar korona ta sa aka yi 5 kacal, daga 2021 kuma aka tsaya a kan 20, aka kuma mayar da taron watan Yuli. Watau yara wajen 600 ke nan kowace shekara. Wanda aka zaɓa ba ya wucewa kai tsaye babban fili, sai an tura shi ƙananan ƙungiyoyi a ƙananan garuruwa, ya yi ta hawa mataki mataki, shekara uku, huɗu, biyar, yana kwana a motar safa tsakanin wannan gari da wancan. Mafi yawansu a nan suke ƙarewa, ba sa taɓa kaiwa babban rukuni.

To, a 1990 Yankees ta sha kashi sau 95, abin da ya ba ta damar zaɓen farko a 1991, karo na biyu ke nan a duk tarihinta. Ta ɗauki Taylor, ɗan talakawa daga wani ƙaramin gari mai suna Beaufort a jihar North Carolina, bahago, wanda ke jifan ƙwallo da gudun da ya kai mil 98 a awa guda tun yana sakandare. Mahaifinsa magini ne, mahaifiyarsa kuwa tana aiki a wurin gyaran kaguwa. Da aka yi masa tayin farko, iyalin suka ƙi, suka tsaya kai da fata, har sai da aka ba shi dala miliyan 1 da dubu 550, kuɗin da ba a taɓa bai wa wani sabon ɗauka ba kafin shi. A shekararsa ta farko a ƙananan ƙungiyoyi ya fitar da masu bugu 187. Ba Kawu kaɗai ya ruɗu ba, masanan wasan da kansu sun sa shi a kan gaban duk yaran ƙasar, kamfanin Topps kuma ya buga katinsa tun bai shiga babban fili ba.

A watan Disamba na 1993 aka yi faɗa a garinsu, ya shiga don ya kare ɗan'uwansa, ya fāɗi, kafaɗarsa ta hagu ta tashi daga aiki. An yi masa tiyata, ya yi shekara guda bai yi wasa ba, da ya dawo kuwa ƙarfin jifan ya tafi, saitin ma ya tafi. Ya yi ta fama a ƙananan ƙungiyoyi har zuwa 2000, bai taɓa jefa ƙwallo ko sau ɗaya a babban rukuni ba. Mu a Aboabo ba mu san wannan duka ba a lokacin. Layi ɗaya kawai Kawu ya rubuto a wata wasiƙa, ya ce yaron nan ya ji ciwo, a sa shi a addu'a. Daga nan bai sake ambatonsa ba, mu kuma ba mu tambaya ba, katin yana nan kwance cikin gwangwani tare da takardar fili.

Abin dariyar yana cikin ƙunshi na biyu, wanda ya iso a 1993. A cikin katunan da aka ce a bar wa yara, akwai na wani siririn yaro da Yankees ta ɗauka a gurbi na shida a 1992, daga garin Kalamazoo na jihar Michigan. Ba wanda ya naɗe shi a leda. Mu da kanmu muka shafa masa koko a baya, muka manna shi a bangon littafinmu na lissafi don ado, da littafin ya cika kuma mai ƙosai ta gaji takardunsa. Wannan yaro shi ne Derek Jeter. A shekarar da muka manna shi ɗin, ya yi kuskure 56 a fili a ƙaramar ƙungiyar Greensboro, har ana tunanin ko a sauya masa wurin tsayuwa. Sai ga shi ya yi shekara 20 a Yankees, ya ci kofin duniya na besbol sau biyar, a 1996, 1998, 1999, 2000 da 2009, ya zama kyaftin, ya yi bugu mai kyau 3,465, kuma da aka zo zaɓen shigar da shi zauren gwanaye a 2020, mutum ɗaya ne kaɗai cikin 397 bai ba shi ƙuri'a ba.

Kada masu karatu su ce mun yi asarar dukiya. Irin katin nan da muka manna, an buga shi da yawan gaske, domin a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 kamfanoni sun yi ta buga katuna kamar ana buga takardar biredi, kowa kuma ya adana nasa yana jiran ya yi tsada, abin da kowa ya adana kuwa ba ya tsada. Da yana nan ma, da kyar ya sayi buhun siminti. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne yadda manya masu hankali, da Kawu da masana da kamfani, duk suka nuna yaro ɗaya da yatsa, alhali ga wani can gefe ana shafa masa koko.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A kwalejin horon malamai ma an koya mana wani abu mai kama da haka, da sunan auna hazaƙar yaro, kuma mun fito mun yi imani da shi. A shekarunmu na farko na koyarwa mun sami wani yaro a aji biyu na ƙaramar sakandare wanda ba mu taɓa ganin mai kaifin kai irinsa ba. Kafin mu gama rubuta tambaya a allo ya riga ya ɗaga hannu. Muka naɗe shi a leda, in ji mai magana. Muka riƙa ba shi darasi bayan la'asar kyauta, muka saya masa littattafai daga ɗan albashinmu, muna faɗa wa kowa a zango cewa ga likita nan tafe. A aji guda kuma akwai wata yarinya da ke zama can baya kusa da taga, wadda ta fāɗi lissafi zango uku a jere, kuma in za mu faɗi gaskiya, sunanta ma sai mun duba rajista muke tunawa.

Ana saura 'yan watanni jarrabawar BECE mahaifin yaron ya kwanta ciwo, ya rasu. Shi ne babba a gidan. Ya rubuta jarrabawar, ya ci da kyau, amma bai wuce ko'ina ba, wani baffansa ya kai shi Suame Magazine koyon gyaran mota. Yarinyar kuwa ta lallaɓa ta wuce da kyar, ta sake lallaɓawa a sakandare, yau ma'aikaciyar jinya ce, ita ce ma ta ɗaura wa Inna ruwa a ciwonta na ƙarshe. Ba rashin iya hasashe ne ya dame mu ba, wannan kowa na yi. Abin kunyar shi ne, bayan yaron ya tafi gareji, mun yi shekara shida ba mu je mun duba shi ba, ga shi kuwa tsakaninmu da Suame tafiyar mota ɗaya ce. Mun ce wa kanmu aiki ne ya yi yawa. Gaskiyar magana, ganinsa cikin baƙin mai zai tuna mana cewa maganar da muka yi ta yi a zango ba ta tabbata ba, sai muka tura shi ƙarƙashin gado kamar yadda aka yi wa katin Taylor. Shi ne ya neme mu daga baya, ran da babur ɗinmu ya mutu a hanya ya gan mu muna turawa. Yanzu yana da garejinsa da yara masu koyo a ƙarƙashinsa, har yau "Malam" yake kiranmu yana rusunawa, kuma bai taɓa karɓar ko kwabo a hannunmu ba. Duk ran da ya ƙi karɓa sai mun ji nauyi.

Da intanet ta zo, muka koma wa katuna da gaske, wannan karon tare da ɗan Kawu, taubashinmu, wanda aka haifa a can Bronx. Shi ya koya mana yadda abin ya koma. Kamfanin Topps, wanda ya sayi Bowman tun 1956, ya farfaɗo da sunan a 1989, kuma da sunan Bowman ɗin ake buga katunan sababbin ɗauka, suna fitowa wajen ƙarshen shekara. Katin farko na kowane yaro yana da ɗan tambari a kusurwa da ke nuna shi ne na fari, shi masu tarawa suke rububi. Akwai na takarda, akwai mai sheƙi, akwai masu launi da aka buga ƙididdigaggu, akwai wanda yaron ya sa wa hannu, har da wanda guda ɗaya tak aka buga a duniya. Akwai kuma kamfanonin da ake aika wa kati su duba kusurwoyinsa da fuskarsa su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba. Mu malamai mun san wannan aiki.

A 2013 Yankees ta sami gurabe uku a zagayen farko. Ta ɗauki Eric Jagielo a na 26, Aaron Judge a na 32, da Ian Clarkin a na 33. Taubashi ya bugo waya ya ce, "Yaya, kai da ka iya duba yara, wanne zan saya mana?" Muka yi nazari kamar masu gyaran takardar jarrabawa. Muka ce Judge ya cika tsawo, mutum mai fiye da mita biyu ƙwallo za ta riƙa wuce shi ta ƙasa. Muka zaɓi Clarkin, bahagon mai jifa ɗan sakandare, kuma sai daga baya muka gane cewa Taylor muke nema a jikinsa. Clarkin da Jagielo duk ba su kai babban rukuni ba. Judge kuwa, da ya shigo a 2016, an fitar da shi sau 42 cikin tsayuwa 84, muka bugi ƙirji muka ce ai mun faɗa. Shekara ta gaba ya fitar da ƙwallo bayan fili sau 52, a 2022 kuma sau 62, ya karya tarihin 61 da Roger Maris ya kafa a rukuninsu tun 1961. Iyayen da suka riƙe shi tun yana jariri, su biyun malaman makaranta ne a California. Har yau in muka yi wa taubashi faɗa a kan wani abu, sai ya ce, "To, Malam Clarkin, na ji."

Wasan taubasantakar ya tsaya a 2020. Lokacin kulle na korona mutane suna zaune a gida, kasuwar katuna ta haukace. A watan Agusta na shekarar aka sayar da katin Bowman na Mike Trout, irin na guda ɗaya tak ɗin nan, a kan dala miliyan 3 da dubu 900 da ɗoriya. Trout ɗin nan ma, gurbi na 25 da ƙungiyar Angels ta ɗauke shi da shi a 2009 na Yankees ne, ta rasa shi saboda ta ɗauko Mark Teixeira daga hannunsu. A lokacin Kawu ya riga ya dawo gida da ciwon baya na shekara talatin a kujerar tasi, yana zaune a tsohon gidan gado, ginin da ya fara kuma ya kai linta yana jiran rufi. Kuɗin rufin yana hannun ɗansa a can. Wata rana da tsakar dare taubashi ya kira mu ta WhatsApp, ya ce zai juya kuɗin cikin akwatunan katuna na wata shida, ya ninka shi, a yi rufi har da silin.

Muka ce masa, "Ƙane, akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba, ka biya kuɗi kana fatan a dace, me ya raba shi da caca?" Ya ce kasuwanci ne, kowa na yi. Muka kai maganar gun limamin unguwarmu ba tare da ambaton suna ba, ya ce in mutum ya ga kati ya san shi ya saya, wannan ciniki ne, amma sayen rufaffen abu don kwaɗayin abin da wataƙila ba ya ciki, ya fi kusa da abin da aka hana. Muka isar masa. Muka ɗauki hoton katin Taylor muka tura masa, muka ce wannan ma mahaifinka ya ce zai biya mana makaranta. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zamani ya sauya. Rabin kuɗin ya zuba. Kafin 2022 ta ƙare farashin irin waɗannan katuna ya zube, ginin Kawu ya sha damina biyu a buɗe, har bulo na sama ya fara baƙi. Yaron ya biya daga baya, da aikin dare, kuma ba mu faɗa wa Kawu dalilin jinkirin ba sai da shi da kansa ya faɗa masa. Mu ma ba mu fita da hannu mai tsabta ba, domin shekara da shekaru mu ne muke zuga shi da zancen wane yaro ne zai yi fice.

Duk da haka ba mu daina ba, kuma ga amsar abokin aikinmu. Kowace shekara, daren da ake zaɓe, mukan zauna da waya har tsakar dare, gama muna gaban New York da awa huɗu, Yankees kuma ba ta cika samun gurbin farko farko ba. Haka muka ji sunan Anthony Volpe a gurbi na 30 a 2019, da Spencer Jones a na 25 a 2022, da George Lombard ƙarami a na 26 a 2023, da Ben Hess a na 26 a 2024. Muna da wani littafi irin na rajistar aji, a ciki muke rubuta sunan kowane yaro da garinsu da shekararsa, har da na zagaye na 15 da na 20 waɗanda ba mai buga katinsu. Ƙa'idar da muka yi da taubashi yanzu ita ce, kati ɗaya na takarda, mafi araha, na kowane yaro da aka buga, ba rufaffen akwati, ba mai sheƙi. In wani mai zuwa gida ya samu, ya ba shi ya kawo. Sa'an nan kowane ƙarshen shekara mukan bi littafin daga farko, mu nemi labarin kowa, wanda ya hau, da wanda aka sayar wa wata ƙungiya, da wanda aka sallama ya koma garinsu koyar da yara wasa ko sayar da inshora. Wannan bin sawun ya fi cin lokaci, kuma shi ne abin da aka tarar muna yi a ofis.

Ran Juma'ar da ta wuce mun je gaida Kawu a sabon gidan, muka tafi da gwangwanin Inna, wanda ya dawo hannunmu bayan rasuwarta. Muka ciro katin daga ledarsa ta 1992 muka miƙa masa. Ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Kai, ɗan nan, yaron nan mai hannun hagu. Ina ya kwana?" Muka ce masa hannun bai warke ba, ya koma garinsu, har ya yi aikin gini tare da mahaifinsa. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "To, ai sana'a ce. Mu da muka yi shekara biyu muna neman mai rufa mana ɗaki." Ya goge katin da bakin rigarsa, ya mayar cikin ledar da kansa, ya ce mu sa shi inda yayarsa ta sa shi, ƙarƙashin takardar fili.